Sintesaiza, samfula da sikwensa: wanne ke yin me, kuma daga ina mai koyo zai fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfuta, na sa mata manhajar haɗa kiɗa, amma da na buɗe sai kaina ya ɗaure. Ina jin ana ta ambaton sintesaiza da samfula da sikwensa, ban san bambancinsu ba. Ɗan abin da na haɗa kuma ya fito a bushe kamar na inji, in na ƙara masa kaya sai ya cakuɗe. Shin sai na sayi na'urori ne kafin abin ya yi daɗi, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? Da wanne ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, abu uku kake nema: bambancin waɗannan kaya, dalilin da ya sa kiɗanka ke fitowa a bushe ko a cakuɗe, da kuma ko kuɗi ne maganin abin. Na ƙarshen ya fi sauƙin amsawa. Ba sai ka sayi komai ba tukuna. Manhajar da ka sa, ko FL Studio ce, ko Ableton Live, ko Cubase, ko Logic Pro, ko LMMS ta kyauta, duk ukun suna cikinta. Abin da ya rikita ka shi ne an tara su a allo ɗaya, ba a nuna maka inda aikin wannan ya tsaya na wancan ya fara ba.

Sintesaiza ita ce mai ƙirƙirar sauti da lantarki ko da lissafin kwamfuta, ba tare da an naɗo komai daga waje ba. Samfula ba ta ƙirƙirar komai, sautin da aka riga aka naɗa take ɗauka ta sake buga shi yadda aka umarce ta. Sikwensa kuwa ko murya ba ta da ita. Umarni kawai take bayarwa: wane amo za a buga, a wane lokaci, da wane ƙarfi, kuma ya daɗe har yaushe. Amfanin rarrabe su shi ne ka san inda za ka nemi ciwo. Kiɗan da ya bushe kamar na inji, galibi laifin yadda aka rubuta umarni ne a sikwensa. Sautin da ya yi siriri ko ya yi tsauri a kunne, a sintesaiza ko samfula za a gyara shi. Cakuɗewa kuma matsalar haɗi ce, kaya da yawa suna rububin wuri ɗaya. Sabuwar na'ura ba ta warkar da ko ɗaya daga cikin ukun.

Fara da sikwensa

Na san sintesaiza ce ta fi jan hankali da maɓallanta, amma shawarata ka bar ta tukuna. Kiɗa mai tsari da sauti mara kyau ana iya saurarensa, sauti mai kyau ba tsari kuwa hayaniya ce.

Komai a sikwensa a kan saurin bugu yake tsayawa, wato lambar nan da aka rubuta BPM kusa da ita, adadin bugu a minti ɗaya. A yawancin kiɗan lantarki ana haɗa bugu huɗu su zama zango ɗaya, su ne lambobin 1, 2, 3 da kake gani a saman allo. Kowane bugu ana raba shi huɗu, sai zango ya zama gida 16. Wannan jerin gidaje 16 da kake dannawa suna kunnuwa tsohon tsari ne, na'urar ganga ta Roland TR-808 da ta fito a 1980 da shi take aiki, manhajoji suka gaje shi.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ka haddace, domin zai yi ta dawo maka: raba 60,000 da BPM, abin da ya fita shi ne tsawon bugu ɗaya a milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A BPM 120 bugu ɗaya milisakan 500 ne, gida ɗaya 125, zango ɗaya daƙiƙa 2. A BPM 100 bugu 600 ne, gida 150.

Sa BPM a 120 ka gwada wannan. Kik, wato babbar ganga mai kauri, a gida na 1, 5, 9 da 13. Tafi a 5 da 13. Rufaffen hayhat, ɗan ƙarfen nan mai "tsit tsit", a 3, 7, 11 da 15. Wannan shi ne ƙashin bayan kiɗan rawa mai bugu huɗu a mike. Yanzu ƙara wani siririn abin bugu a gida na 1, 4, 7, 9, 12 da 15. Tazarar ta zama uku, uku, biyu, sau biyu, kuma za ka ji kiɗan ya fara jan jiki, saboda wannan layin yana saɓa wa kik yana dawowa su haɗu a 1 da 9. Sauke BPM zuwa 100 ka ji yadda tsari ɗaya ya canza hali.

To me ya sa duk da haka yake kama da inji? Domin kowane bugu ƙarfinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, kuma kowanne ya faɗo a kan layi cif. Hannun mutum ba ya haka. A nan sai ka san MIDI, harshen da sikwensa ke magana da shi. An fito da shi a 1983, manyan waɗanda suka tsaya a kansa su ne Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan, don na'urorin kamfanoni daban-daban su riƙa jin maganar juna. MIDI ba ya ɗauke da sauti. Lambobi yake aikawa: lambar amo daga 0 zuwa 127, ƙarfin dannawa har zuwa 127, da tasha ɗaya daga cikin 16. Shi ya sa za ka rubuta karin kiɗa sau ɗaya ka yi ta canza masa kayan bugawa ba tare da ka sake rubutu ba.

Ƙarfin dannawar nan shi ne magani na farko. In ka cika hayhat a duk gidaje 16, kada ka bar su duka a 100. Na farkon kowane bugu ka ba shi wajen 100, na uku wajen 80, na biyu da na huɗu ka sauke su tsakanin 50 da 65. Kik da tafi ka bar su da ƙarfinsu, su ne turaku. Magani na biyu shi ne suwin, wanda ke jinkirta kowane gida na biyu da ɗan kaɗan. A ma'aunin da na'urorin Akai MPC suka yaɗa, kashi 50 na nufin ba jinkiri, kashi 66 kuma ya koma kamar an raba kowane gida biyu kashi uku, na farko ya ɗauki biyu. Tsakanin 54 da 60 ne kiɗa yake samun rangaji ba tare da ya yi ɗingishi ba. Wasu manhajojin daga sifili suke ƙirga nasu, don haka ka bi kunne, kada ka bi lambar ido rufe. Na uku, wanda masu koyo suka fi mantawa, shi ne tsawon amo. In kowane amon bes, wato layin kiɗa mai kauri na can ƙasa, ya kai har bakin na gaba, babu numfashi. Gajarta wasu zuwa rabin gida ka ji yadda shirun da ya shiga tsakani ya ba layin rai.

In da kibod ka buga da hannu, akwai maɓallin kwantaiz da ke jawo kowane amo zuwa layi mafi kusa. Kada ka sa shi kashi ɗari. Kashi 60 zuwa 80 yana gyara kuskure ya bar hannun mutum a ciki.

Cikin sintesaiza

Sauti girgizar iska ce, ana auna yawanta a daƙiƙa ɗaya da Hz. Kunnen mutum yana ji daga kusan Hz 20 zuwa 20,000, kuma saman yana raguwa da shekaru. Amon A da ake daidaita kayan kiɗa da shi Hz 440 ne, shi ne lamba 69 a MIDI. In ka ninka lambar Hz ka hau okteb ɗaya, wato 880, in ka raba biyu ka sauka zuwa 220. Tsakanin okteb da okteb maɓalli 12 ne in an haɗa farare da baƙaƙe.

Sintesaiza iri-iri ce, amma wadda za ka fara da ita ita ce mai ragewa, tsarin da Robert Moog ya shahara da shi tun na'urorinsa na 1964, sannan Minimoog ta 1970 ta tattara shi cikin akwati ɗaya mai kibod. Hanyar sautin gajeriya ce. Osileta ta haifi sauti mai cike da tarkace, filta ta rage abin da ba a so, amfilifaya ta tsara ƙarfinsa. Duk sauran maɓallan da ke tsorata ka juya waɗannan ukun kawai suke yi.

Osileta tana ba ka zaɓin siffofi, kuma bambancinsu a hamonik yake, wato ƙananan amo da ke hawa a kan na asali: in asalin Hz 110 ne, hamonik ɗinsa su ne 220, 330, 440, haka har sama. Siffar sain ba ta da ko ɗaya, sumul take, ta dace da can ƙasan bes. Mai haƙorin zarto tana da su duka, shi ya sa take da kaifi da cika, kuma ita ce filta ta fi samun abin yanka a jikinta. Mai kusurwa huɗu na mara kawai take da su, na uku, na biyar, na bakwai, sai ta yi amo kamar mai rami a ciki. Alwatika ma na mara ne amma raunana, tana kusa da sain. Akwai kuma shuuu mara amo, wanda da shi ake yin hayhat da tafi da ƙarar iska.

Filtar da za ka fi amfani da ita ita ce mai barin ƙasa ta wuce ta tare sama, ana rubuta mata LP. In ka rufe ta sai sautin ya zama kamar kiɗan da kake jiyowa daga wani ɗaki an rufe ƙofa, kauri na isowa, kaifi ya tsaya a can. Maɓallin katof shi ne inda yankan ke farawa. Rezonans yana ƙara ƙarfi daidai bakin wurin yankan, shi ke kawo "wau wau" in ana juya katof, kuma in ya yi yawa sai ya koma fito, a wasu filtocin ma ya cinye kaurin. Lambar 12 ko 24 da kake gani ita ce yawan dB, wato ma'aunin ƙarfin sauti, da ake ragewa a kowane okteb bayan katof, 24 ta fi yanka sosai.

Sai enbelof, maɓallai huɗu masu haruffa A, D, S, R. Na farko lokacin da sauti ke ɗauka ya kai ƙololuwa bayan an danna. Na biyu lokacin da yake ɗauka ya sauko. Na uku matakin da zai tsaya muddin yatsa na kan maɓalli. Na huɗu lokacin da yake ɗauka ya mutu bayan an saki. Lura da kyau, ukun lokaci ne, S kuwa mataki ne, ba lokaci ba. In S yana can sama, D ba shi da inda zai sauko, sai ka yi ta juya shi ba abin da ya canza, ka ɗauka ya lalace. Yawancin sintesaizoji enbelof biyu gare su, ɗaya na ƙarfin sauti, ɗaya na filta, kuma na filtar ba ya aiki sai ka buɗe maɓallin da ke cewa nawa zai tura katof.

Ga yadda nake gina bes, kuma da shi nake so ka fara. Koma wa sautin farko na sintesaizar, wanda ba a taɓa komai ba, yawanci ana rubuta masa Init. Osileta ɗaya, haƙorin zarto. Sa ta a murya ɗaya, wato mono, don kada amo biyu masu kauri su hau kan juna. Filta LP 24, katof wajen Hz 300, rezonans kaɗan, kamar kashi 15. Enbelof na ƙarfi: A milisakan 3, D 300, S kashi 70, R 60. Enbelof na filta: A sifili, D 200, S sifili, ka buɗe turawarsa zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Kowane amo zai fara da ɗan haske ya rufe nan take, shi ne abin da kunne ke ji kamar an tsinki tsirkiya. In kana son ƙarin nauyi, sa osileta ta biyu a sain, okteb ɗaya ƙasa. A ɗin da na ce milisakan 3 maimakon sifili, da R 60, don kashe "ƙas" ɗin da ke fitowa ne in sauti mai kauri ya fara ko ya yanke farat ɗaya.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne bes na sain zalla a amon A na ƙasa, Hz 55, ya girgiza hedifon amma ya ɓace ɓat a lasifikar waya. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da wannan kaurin. Hamonik na 110, 165, 220 da na sama da su ne ke sa kunne ya gane bes ɗin ko da asalin bai fito ba. Don haka kada ka rufe filtar har ta cinye su duka.

Da waɗannan maɓallan dai za ka yi shimfiɗaɗɗen sauti na bayan fage, wanda ake kira fad. Zarto biyu, ka karkatar da ɗaya da senti 7 zuwa 10, kowane maɓalli senti 100 ne. Wannan ɗan saɓanin ke sa su riƙa kaɗawa da juna, sautin ya yi faɗi. Maɓallin A na enbelof wajen milisakan 800, S a sama, R daƙiƙa ɗaya da rabi, katof wajen Hz 2,000, ka mayar da ita mai muryoyi da yawa. Sai ka kawo LFO, osileta mai tafiyar hawainiya wadda ba a jin ta, juya wani maɓalli kawai take yi a madadin hannunka. Haɗa ta da katof a Hz 0.2, wato zagaye ɗaya a daƙiƙa 5, sautin zai riƙa buɗewa yana rufewa. In ka haɗa ta da tsayin amo a Hz 5 ko 6, kaɗan ƙwarai, sai ka samu rawar murya irin ta mai goge.

Sauran nau'o'in ka san da su kawai yanzu. FM, wadda John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford, Yamaha DX7 ta 1983 ta cika duniya da ita, osileta ce ke girgiza wata osileta da sauri, tana da kyau wajen ƙararrawa da fiyanon lantarki, amma juya ta da ka ba sauƙi. Akwai kuma mai teburin siffofi, wadda ke zamewa daga siffa zuwa siffa. Cikin sintesaizojin da ake ƙara wa manhaja, waɗanda ake kira fulogin, Surge XT da Dexed kyauta suke, Vital ma tana da ta kyauta. Amma ka riƙe guda ɗaya har ka iya fitar da bes, fad da siririn amo na gaba daga Init. Wanda ya tara fulogin hamsin yana yawo cikin shiryayyun sautuka, ranar da sauti ya kusa yi masa daidai amma ya ɗan yi kaifi, bai san maɓallin da zai taɓa ba.

Samfula da inda take ba da wahala

Kwamfuta tana naɗar sauti ne ta hanyar auna shi sau dubbai a daƙiƙa. Faifan CD sau 44,100 ne da zurfin bit 16, kuma ƙa'ida ita ce ana iya kama amo har zuwa rabin wannan lambar, wato Hz 22,050, wanda ya wuce jin mutum. In za ka naɗa da makirufo ka sa bit 24, yana ba ka sarari ka naɗa a hankali ba tare da tsoron fashewa ba. Samfulojin farko irin Fairlight CMI ta 1979 masu tsada ne ƙwarai. E-mu SP-1200 ta 1987 daƙiƙa 10 kacal take riƙewa gaba ɗaya a bit 12, sannan Akai MPC60 ta 1988, wadda Roger Linn ya tsara, ta haɗa samfula da sikwensa da maɓallan roba 16 na bugawa da yatsa. Ƙarancin wurin nan ne ya koya wa mutane yanka sauti gutsure-gutsure su sake jera shi, kuma har yau wannan ce babbar sana'ar samfula.

Abu na farko da za ka gyara in ka jefa sauti cikinta shi ne bakin farawa. In akwai shiru na milisakan 20 kafin bugun, ko sikwensa ta ba da umarni a kan lokaci, bugun a makare zai iso. Faɗaɗa hoton sautin ka jawo alamar farawa har gab da inda ya tashi. In ka yanka a inda layin girgizar yake sama ko ƙasa da tsakiya, za ka ji "ƙas". Yanka a inda ya ratsa tsakiya, ko ka sa ɗan shigowa a hankali na milisakan 2 zuwa 5.

Na biyu shi ne maɓallin asali. Samfula tana buga sauti yadda aka naɗe shi a maɓalli ɗaya tak, yawanci C ta tsakiya, lamba 60 a MIDI, wadda FL Studio ke kira C5, Ableton Live kuma C3. In sautin da ka saka amon F ne ba ka gaya mata ba, duk C ɗin da ka danna F ce za ta fito, karin kiɗanka ya saɓa da sauran kayan. Wannan ya fi cin mutane a dogon kik mai jan wutsiya da ake kira 808, saboda kaurinsa yana ɓoye amonsa. Ɗaga shi okteb biyu na ɗan lokaci, ka kwatanta da fiyano har ka gano amon, ka saita asalin, sannan ka mayar da shi ƙasa.

Na uku, a samfula ta gargajiya tsayin amo da sauri a ɗaure suke. Hawa maɓalli 12 yana ninka sauri ya rage tsawon rabi, kowane maɓalli ɗaya kusan kashi 6 cikin ɗari ne. Don haka in ka ɗaga amon lup na ganga, wato gutsuren kiɗan da ke maimaita kansa, zai bar BPM ɗinka. Manhajoji suna da hanyar jan sauti ba tare da canza amonsa ba, amma tana da iyaka: in ka ja da yawa, bakin ganga yana dakushewa, murya ta fara rawa kamar ta ƙarfe. Sau da yawa ya fi kyau ka yanka lup ɗin a kowane bugu, ka rarraba gutsattsarin a maɓallai, sikwensa ta jera su a sabon saurin. In ba ka san saurin lup ba, ƙirga bugunsa, ninka da 60, raba da tsawonsa a daƙiƙa. Bugu 8 a daƙiƙa 4.8 BPM 100 ke nan.

Ga ganguna, sa kowane sauti ya buga har ƙarshensa da dannawa ɗaya. Buɗaɗɗen hayhat da rufaffe kuma ka sa su a rukunin da ɗaya ke yanke ɗaya, domin a zahiri ƙarfe ɗaya ne, ba ya zama a buɗe a rufe lokaci guda. Wata magana da ba ta fasaha ba: gutsuren waƙar wani, komai gajartarsa, haƙƙin mai shi ne, sai da izini in za ka fitar da kiɗan. Abin da ka naɗa da kanka ba wanda zai tambaye ka, kuma ƙwanƙwasa tebur da makirufon waya yana iya zama abin bugu mai kyau in an yanka shi da tsabta.

Cakuɗewar da ka ambata

Kafin ka taɓa ikwalaiza, mai ƙara ko rage kauri da kaifin sauti, kashe komai ka bar kik da bes. Yawancin lakar daga nan take, su biyun suna zaune ƙasa da Hz 120. Hanya mafi arha ita ce a sikwensa: kada bes ya fara a gidan da kik yake, ka sa shi a 3, 7, 11 da 15, ko ka gajarta wutsiyar kik. In dole su haɗu, sa kwamfuresa, mai danne ƙarfin sauti, a kan bes, kik ya riƙa tayar da ita, abin da ake kira saidcen. Rabo 4:1, kamawa da sauri, saki wajen milisakan 120 a BPM 120, ta danne dB 3 zuwa 6 duk lokacin da kik ya buga. Bes kuma ya zauna a tsakiya, kada ka faɗaɗa shi hagu da dama.

Daga nan ka dawo da sauran ɗaya bayan ɗaya. Wanda shigowarsa ta sa abin ya duhunta, shi ne mai laifi. Fad, fiyano da makamantansu suna ɗauke da kaurin da ba su buƙata, ka sa musu filta mai tare ƙasa, HP, ka yi ta ɗagawa daga Hz 100 har ka ji sun fara ramewa, sannan ka ɗan koma baya. Yi wannan alhali komai na bugawa, domin sautin da ya yi siriri shi kaɗai sau da yawa daidai yake cikin taro. In kaya biyu suna buga karin a okteb ɗaya, ɗaga ɗaya ko ka cire shi. Cirewa ta fi gyara yawan lokuta. Ribab ma, wato amon ɗaki, kada ka sa wa kowane layi nasa. Buɗe guda ɗaya a tashar aikawa kowa ya ɗiba kaɗan, kik da bes ban da su. Amsa-kuwwa kuma ka ɗaure ta da lissafin nan na farko: a BPM 120, milisakan 375, wato gida uku, yana ba siririn amo kai-komo mai daɗi.

Ka kula da ma'aunin babbar tasha, inda duk layuka ke haɗuwa a miksa. Sifilin dB shi ne rufi, abin da ya wuce shi a fayil ɗin ƙarshe yankewa yake yi ya fashe. Fara da kik yana kaiwa wajen dB 10 ƙasa da sifili, ka gina sauran a kansa, jimillar ta tsaya wajen 6 ƙasa da sifili. In ba ka ji sosai, ƙara murya a hedifon, ba a miksa ba.

Lup na zango 8 a BPM 120 daƙiƙa 16 ne, kiɗan minti uku kuwa zango 90. Ba sabon abu za ka yi ta ƙirƙira ba don cike wannan. Kwafi lup ɗin har ƙarshe, sannan ka bi kana gogewa: farko ganga da fad kawai, bes ya shigo a zango na 9, a wani wuri kik ya ɗauke na zango 8 ya dawo. Duk zango 8 wani abu ya shigo, ko ya fita, ko katof ya motsa.

In lokacin saye ya zo

Hedifon mai faɗin gaskiya shi ne farko, wanda ba ya ƙara wa bes kitse. Sai ƙaramin kibod na MIDI mai maɓalli 25, kana sane cewa shi ma ba shi da murya, umarni yake aikawa ta USB. Katin sauti na waje sai za ka naɗi murya ko jita. In kana danna maɓalli sauti na makara, bafa ce ta yi girma, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar: 1,024 a 44,100 jinkirin kusan milisakan 23 ne, 128 kuma kusan 3. Rage ta lokacin bugawa, ƙara ta lokacin haɗi in kwamfuta ta fara ƙarar tsatstsagewa. A Windows ka zaɓi direban ASIO.

Na'urorin ƙarfe suna da daɗin taɓawa, kuma iyakarsu tana tilasta wa mutum yanke shawara, amma wayoyi suke zuwa da su. Wayar MIDI daban, wayar sauti daban, ta fita daga Out ta shiga In, tashar mai aikawa ta dace da ta mai karɓa, kuma na'ura ɗaya ce kawai za ta riƙe agogo sauran su bi ta, in ba haka ba kowa ya kama saurinsa.

Lambobin da na ba ka wurin farawa ne, ban ji kiɗanka ba, kuma kashi 15 na rezonans a wannan sintesaizar ba shi ne na waccan ba. Rubutu kuma ba ya horar da kunne. Abin da ke horar da shi shi ne ka jawo wani kiɗan da kake so cikin manhajar, ka sauke ƙarfinsa ya yi daidai da naka, ka riƙa sauyawa tsakaninsu kana tambayar abu ɗaya a lokaci ɗaya: kik ɗinsa ya fi nawa tsawo ko gajarta, hayhat ɗinsa ya fi nawa ƙarfi ko rauni. In ka gama, fitar da shi a WAV ka ajiye, MP3 kwafin turawa ne kawai, sannan ka saurare shi a waya, a hedifon, da kowace lasifika da ka samu kafin ka koma ka gyara.